Ɗurin Harsashi Ba Aikin Ɗan Koyo Ba Ne

Ƙannena da 'ya'yana na Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, akwai wani irin bidiyo da ke yawo a wayoyinku wanda nake so mu tattauna a kai. Za a nuna wani Ba'amurke zaune a bayan gidansa, gabansa tebur cike da kwanson harsashi da gwangwanin albarushi da wata 'yar na'ura mai mariƙi. Ya ɗura harsashinsa da hannunsa, ya zuba a wata ƙatuwar libarba, ya saita kankana ko bulo, ya danna kunama. Wuta ta fita, bindiga ta yi sama da hannunsa, kankana ta zama ruwa, shi kuma ya juyo yana dariya. Cikin minti uku an gama. Na san da yawa daga cikinku kallo kawai kuke yi, kamar yadda ake kallon dambe. Amma na san kuma akwai waɗanda zuciyarsu ke raya musu cewa abin ba wuya, da za su samu kayan aiki da sun gwada. Da waɗannan nake magana, kuma amsata tun daga farko ita ce a'a. Sai dai bai kamata babba ya ce wa yaro a'a ya yi shiru ba, don haka ga dalilaina.

Mu fara da bindigar kanta. Magnum suna ne da ake ba harsashin da aka ƙara masa ƙarfi fiye da na yau da kullum. Na farkonsu a libarba shi ne .357 Magnum, wanda kamfanin Smith & Wesson ya fitar a 1935. Bayan shekara 20 aka yi .44 Magnum, aikin haɗin gwiwa tsakanin Smith & Wesson da Remington, wanda fim ɗin Dirty Harry na Clint Eastwood ya yayata a duniya a 1971. A 2003 kuma aka fito da .500 S&W Magnum, wanda ya fi su duka girma. Irin waɗannan manyan an yi su ne domin maharban da ke bin manyan namun daji, da mutanen da ke shiga dazuzzukan Alaska inda dabba za ta iya afka wa mutum. Ba a yi su don ɗan koyo ba, ko a ƙasar da aka ƙera su.

Mutumin da ake jingina wa .44 Magnum shi ne Elmer Keith, makiyayi kuma maharbi daga jihar Idaho, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1984. Shi ne uban masu ɗurin harsashi mai ƙarfi, ya yi shekaru yana ƙara albarushi kaɗan-kaɗan yana gwadawa, yana rubutawa a mujallu, har kamfanoni suka saurare shi. To wannan gwanin, a shekarun 1920, wata libarba ƙirar Colt ta tarwatse a hannunsa saboda ɗurin da ya yi ya fi ƙarfin ƙarfenta. Allah Ya yi da sauran kwanansa. Mutumin da ya tashi da bindiga tun yana yaro ke nan. Masu bidiyo suna yawan ambaton sunansa, amma ba kasafai suke ba da wannan labarin ba.

Me ke faruwa a cikin bindiga sa'ad da aka danna kunama? A gindin kwanso akwai wani ɗan maɓalli da ke tartsatsi idan an buge shi. Tartsatsin ya kunna albarushi, albarushi ya ƙone ya zama iska mai tsananin zafi, iskar ta rasa hanyar fita sai ta tunkuɗa dalmar da ke bakin kwanso. Duk wannan yana faruwa ne kafin ƙiftawar ido. Ƙungiyar SAAMI, wadda masu ƙera makamai a Amurka suka kafa a 1926 don daidaita ma'auni, ta sa iyakar matsin .44 Magnum a 36,000, da ma'aunin nan da mai faci yake auna iskar taya. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar 32 zuwa 35. Wato abin da ke tashi a cikin ɗan ramin da bai kai faɗin babban yatsa ba ya ninka iskar tayar mota sau dubu, kuma tsakaninsa da fuskarka bai wuce tsawon hannu ba. Na .500 kuwa iyakarsa 60,000 ce. Abin da ya raba ka da wannan wuta ƙarfe ne wanda injiniyoyi suka lissafa kaurinsa bisa sharaɗin cewa harsashin da za a sa ba zai wuce iyaka ba. Mai ɗuri da hannu shi ne yake ɗaukar alkawarin cika wannan sharaɗi, shi kaɗai, ba mai duba aikinsa.

Kuma kuskuren da ke kashe mutum a nan ƙarami ne ƙwarai. Ana auna albarushin harsashi da wani ma'auni da sai an tara 15 da ɗoriya kafin a samu giram ɗaya. Albarushin zamani iri-iri ne, wani yana ci da sauri, wani a hankali, a ido kuwa kusan duk ɗaya suke. Adadin da yake daidai a wani iri, a wani irin halaka ne. Mutum yana cikin aiki waya ta yi ƙara, ya amsa, ya dawo ya manta ya riga ya zuba wa kwanson nan, ya ƙara. Da ya rufe baki da dalma shi ke nan, ba wanda zai iya gane shi a cikin 'yan'uwansa sai ranar da aka harba. Akwai kuma kishiyar wannan, wadda mutane ba su cika tsoro ba alhali ita ma tana kisa: a manta ba a zuba albarushi ba sam. Tartsatsin gindi kaɗai yana da ƙarfin da zai tura dalma ta shiga bututu ta maƙale. Wanda ya ƙware zai ji ƙarar ba daidai ba ya tsaya. Ɗan koyo, wanda kunnensa bai san yadda daidai take ba, sai ya sake danna kunama a kan bututun da ya toshe.

Duk wanda ya yi zamanin gidajen silima a Kano ko Kaduna ya san Bruce Lee. Ɗansa Brandon Lee ta wannan hanya ya mutu, ranar 31 ga Maris 1993, yana da shekara 28, a wurin ɗaukar fim ɗin The Crow a Wilmington ta jihar North Carolina. Ma'aikatan fim suna bukatar harsashin da za a nuna a hoto wanda ba ya tashi. Maimakon su saya, sai suka ɗauki na gaske suka zazzage albarushin suka mayar da dalmar, suka bar tartsatsin gindi da ransa. Wani ya danna kunama, dalma ta shige bututu ta tsaya, ba wanda ya lura. Bayan kwanaki aka sa harsashin wasa mai ƙara kawai a bindigar nan, aka saita Brandon kamar yadda labarin fim ya tsara, aka harba. Dalmar da ke maƙale ta fita ta same shi a ciki. Bindigar libarba ce, .44 Magnum. Ba mugu a wurin, ba wanda ya yi nufin kisa. Mutane ne da suka ga abin kamar mai sauƙi ne suka taɓa harsashi da hannunsu.

Sai maganar shuri. Babbar libarba tana shurin mai harba ta, ƙarfin yana bi ta wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, bakin bindigar kuma ya ɗaga sama. Masu koyar da harbi sun daɗe da sanin abin da wannan ke yi wa sabon hannu: jiki yana koyon tsoro. Tun kafin harsashi ya tashi mutum ya runtse ido, ya ƙanƙame, ya dannar da bakin bindiga ƙasa, kuma wannan ɗabi'a idan ta shiga jiki fitarta sai an sha wuya. Shi ya sa ko a Amurka da ƙaramin harsashi na .22 ko bindigar iska ake farawa. Wanda ya fara da magnum bai koyi harbi ba, ya koyi firgita ne. Ga kunne kuma. Ƙarar da ta haura ma'aunin sauti 140 tana iya lalata ji nan take, ta magnum kuwa tana wuce 160, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Sannan a libarba akwai 'yar tazara tsakanin gangar da ke juya harsashi da bututu, wuta tana feshi ta nan gefe da gefe, wanda bai san inda ake ajiye yatsa ba yana iya rasa shi.

Ku lura da abin da ɗan koyon da ya ce zai yi ɗuri yake haɗawa. Bai iya harbi ba, bai iya ɗuri ba, ya kuma zaɓi harsashin da ba ya yafe kuskure. Idan abu ya tafi ba daidai ba, ba shi da hanyar sanin ko hannunsa ne, ko harsashinsa ne, ko bindigar.

Wani zai ce, Malam, ai mu ma mun gaji ɗuri, kakanninmu da hannu suke ɗura bindigar toka. Gaskiya ne, kuma tarihin ya fi yadda yawancinku kuke zato tsawo. Mai Idris Alooma na Borno yana da mayaƙa masu bindiga tun ƙarni na 16. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun 'yan bindiga. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, har igwa ake ƙerawa a Zinder ana haɗa albarushi. Har gobe idan aka yi hawan Sallah a Kano ko Zazzau ko Katsina, ƙarar bindigogin 'yan bindigar sarki ce ke gaya wa gari cewa sarki ya fito. A ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje ma akwai maharba, Gbagyi da Hausawa da sauransu, da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni.

Amma ku je ku tambayi tsohon maharbi yadda ya koya. Yaro yana shekaru yana bin ubangidansa daji, yana ɗaukar jaka da gora, yana koyon sawu da iska da yadda ake tafiya a bayan mai bindiga, kafin a yarda ya riƙe ta, balle a bar shi ya ɗura. Akwai Sarkin Baka, akwai manya da ke iya karɓe bindigar wanda ya nuna wauta. Duk da wannan tsari, ku dubi hannuwan tsofaffin maharba da 'yan bindiga, ba za ku daɗe kuna dubawa ba za ku ga mai yatsu huɗu ko mai tabon ƙuna a fuska. Wannan fa da baƙin albarushi ne na gargajiya, wanda ƙarfinsa bai kama ƙafar na zamani ba. Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, wani abu ne daban. Duk wanda ya zuba shi a bindigar toka, wadda sau da yawa bututunta bai wuce ƙarfen famfo ba, bam ya haɗa ya kanga a kumatunsa. Gadon da muke da shi gadon biyayya ga na gaba ne da daɗewa ana koyo. Bidiyon minti uku bai gaji komai daga wannan ba.

Akwai wata illa da ba ta da ƙara, ita ce dalma. Masu ɗuri da yawa suna narka dalma su zuba a mazubi. Ƙurarta tana maƙalewa a tufafi da tabarma da ƙasan ɗaki, yara masu rarrafe su kwasa su kai baki. Mu a Arewa ba ma bukatar a ba mu labarin gubar dalma daga wata ƙasa. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, a yankunan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka duwatsun zinariya masu ɗauke da ita a cikin gidaje. Waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Saurayin da ke zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya a Mararaba ko Dutsen Alhaji, tsakar gida ɗaya da 'ya'yan maƙwabta, ya tuna da wannan.

Na bar maganar doka zuwa nan da gangan, don kada ku ce tsoron 'yan sanda kawai nake ba ku. Amma ita kaɗai ta isa ta rufe zancen. Ba'amurken nan na bidiyo dokar ƙasarsa ta ba shi dama ya yi abin da yake yi. Kai taka ba ta ba ka ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar toka da danginta suna hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta irin mai baki biyu da bindigar iska, lasisinsu daga Sufeto Janar yake fitowa. Libarba da fistol kuwa suna cikin rukunin haramtattun makamai, jeri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da gurneti, ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Harsashi ma ba a mallakarsa sai da izini, ƙera shi ko haɗa shi kuwa an hana, sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko da izinin hukuma. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ko ƙera makami ba izini ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ko lasisin bindigar farauta ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mashayi, ko mai raunin gani, ko wanda aka ɗaure kan laifin tashin hankali cikin shekara 5 da suka wuce. A watan Agustan 2023 ma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin. Ɗan shekara 22 da aka kama da kwanso da albarushi a ɗakinsa, a lokacin da jami'an tsaro ke farautar masu kai wa 'yan bindigar daji harsashi, ya yi tunanin wa zai yarda da shi cewa sha'awa ce kawai. Kafin a gama bincike ya rasa karatu, ya rasa aiki, iyayensa sun sayar da abin da suka mallaka.

Kuma a nan Abuja ake ɗaure wannan igiya. A nan shugabannin ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai ranar 14 ga Yuni 2006. A nan aka kafa Cibiyar Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai ta Ƙasa a 2021, ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, wadda a Oktoban 2024 ta lalata bindigogi sama da 2,400 a barikin Giri.

Ban manta da abin da ke cin zuciyar wasunku ba, kuma ba zan raina shi ba. Mun ga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Mun ga yadda aka fasa gidan yarin Kuje ranar 5 ga Yulin shekarar. Mun ga yadda aka riƙa shiga gidaje ana ɗaukar mutane a yankin Bwari a farkon 2024. Saurayin da ke kwana yana sauraron haushin kare, ga mahaifiya ga ƙanne mata a gida, ba wauta ce ta sa yake tunanin makami ba. Har gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya taɓa kiran jama'arsa a 2022 su nemi lasisin bindiga. Ana iya muhawara kan ko ya kamata a sassauta doka, masu hankali suna ɓangarorin biyu. Amma ko wanda ya fi kowa son a sassauta ba zai ce maka mafita ita ce libarbar da ba ka iya riƙewa ba, cike da harsashin da ba ka da tabbacin zai tashi ko zai fashe. Masu garkuwa suna zuwa ne su goma ko ashirin da AK-47. Harsashi shida a hannun wanda ke runtse ido ba zai kore su ba, sai dai ya jawo su buɗe wuta a kan gidan da yara ke kwance. A sauran ranakun shekara kuwa, waɗanda ba wanda ya zo, bindigar tana nan ƙarƙashin katifa, inda ƙaninka ɗan shekara 9 ya riga ya san tana nan. Abin da na ga yana aiki a unguwanni ya fi wannan gajiyarwa: 'yan sintiri da hukuma ta san da zamansu, fitila a lungu, lambar ofishin 'yan sanda a wayar kowa, maƙwabta da suka san juna har su gane baƙuwar fuska.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami. Kibiya ke nan, wadda sai an ɗana an ja kafin ta tafi.

Wanda kuma sha'awarsa ta gaskiya ce, yana son ƙarfe da lissafi da sanin yadda abu ke aiki, ban ce ya kashe ta ba. Wannan sha'awa ita ce ke fitar da injiniya. Akwai DICON a Kaduna, masana'antar makamai ta ƙasa da aka kafa a 1964, inda ake ƙera harsashi bisa doka, da injina da ɗakin gwaji da masu duba aiki, kuma masu digirin injiniya da kimiyyar sinadarai ne ke yi. Mai son riƙe bindiga a matsayin aiki ga makarantar hafsoshin soja ta NDA a Kaduna, ga Depot na horar da sojoji a Zariya, ga Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. A duk waɗannan wurare za a sa ka kwance bindiga ka goge ka mayar har ka gaji kafin a miƙa maka harsashi, kuma idan an tashi daga filin harbi sai an ƙirga kwanson da ka harba. Harbin gasa kuwa wasa ne da ake yi har a Olamfik, da bindigar iska a nisan mita 10, inda abin da ake aunawa shi ne natsuwar hannu da numfashi, akwai kuma hukumar wasan a Najeriya. Mai son farauta ya nemi ƙungiyar maharban yankinsa, ya gaida Sarkin Baka, ya nemi izinin da doka ta ce, ya yarda a fara ba shi jaka ya ɗauka.